Yadda muke gwajin saƙon gargaɗin gaggawa ba tare da firgita jama'a ba

Duk ofishin gaggawa na gunduma ko na jiha a Amurka da aka ba izinin tura gargaɗi ga jama'a, ta ƙofa ɗaya yake bi, wato tsarin IPAWS da ke hannun hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, wanda aka kafa bisa umarnin shugaban ƙasa a 2006. Mu ne ke rubuta saƙo, tsarin ya duba sa hannunmu na kwamfuta da iyakar hurumin da aka ba mu, sannan ya rarraba shi: gidajen rediyo da talabijin su samu ta hanyar EAS, wayoyin hannu kuma ta hanyar WEA, wadda ta fara aiki a 2012. Gwajin wannan tsari shi ne aikin da muka fi maimaitawa, kuma shi ya fi buƙatar nutsuwa. Fom ɗin da ake cikewa ranar gwaji shi ne dai ake cikewa ranar da ambaliya ta taso, maɓallin turawa ma guda ne. Dole su zama iri ɗaya, in ba haka ba hannu bai koyi komai ba. Sai dai wannan kamannin ne kuma ke sa saƙon atisaye ya kuɓuce ya faɗa wayoyin mutane.

Kafin ofishi ya fara tura komai, sai ya sa hannu a yarjejeniya da FEMA, jiha ta amince da irin saƙonnin da zai iya aikawa da yankin da ikonsa ya tsaya, ma'aikata kuma su yi kwas ɗin horarwa na FEMA mai suna IS-247. Daga nan a ba shi lambar shaida da satifiket na kwamfuta guda biyu: ɗaya na dandalin gwaji, ɗaya na dandalin gaske. Waɗannan satifiket biyu su ne katangar da ta raba wasa da gaske, kuma suna da ranar ƙarewa, don haka muna rubuta ranar a kalandar bango inda kowa zai gani.

Gwajin hawa uku ne. Na farko ba ya fita daga cikin kwamfuta. Na biyu yana isa na'urorin gidajen rediyo. Na uku shi ke sa waya ƙara.

Na farkon wajibi ne kowane wata. Ana tura cikakken saƙo zuwa dandalin gwaji na FEMA, kuma ofishin da ya tsallake wata uku a jere ana rufe masa ƙofar dandalin gaske har sai ya gyara. Mutum biyu muke sawa. Ɗaya yana zaune gaban kwamfuta, ɗayan yana tsaye a bayansa riƙe da takardar matakai, ba ya taɓa komai. Muna kuma juya mutanen, wanda ya tura watan jiya ba shi zai tura na wannan watan ba, masu aikin dare ma sai layi ya zo kansu. Akwai ofisoshin da mutum ɗaya ke yin gwajin duk wata don dai a cika sharaɗi. A takarda komai lafiya, amma ranar da wutar daji ta tashi ƙarfe uku na dare shi kuma ya tafi hutu, wanda ke bakin aiki ko kalmar sirri bai sani ba.

Matakin farko da baki ake yin sa. Mai duba ya tambaya: "Wane dandali kake?" Mai turawa ya karanta abin da ke saman allo da lambar shaidar da manhajar ta ɗauka, ya ce: "Na gwaji." Mai duba ya gwada lambar da wadda ke takardarsa, ya amsa: "Na gani, ci gaba." Wasu manhajojin suna canza launin allo tsakanin dandalin biyu, wasu kuwa ɗan rubutu ne kawai a kusurwa. Ba ma dogara da launi. Lambar muke karantawa, kuma za a sake wannan tambaya daf da danna maɓalli.

Sai cike fom. Duk kamfanin da ya ƙera manhajar, abin da ke fita ta baya tsari ɗaya ne da ake kira CAP, siga ta 1.2, kuma gurabensa sanannu ne. Akwai gurbin matsayin saƙo, wanda ke yawan ruɗa sababbin ma'aikata. Mutum zai ga zaɓin "Test" ya ɗauka shi ne na ranar gwaji. Ba haka ba ne. Saƙon da aka sa wa wannan alama ba a miƙa shi ga rediyo ko waya, yana tsayawa a hanya. Duk saƙon da ake so ya bi hanya har ƙarshe, ko da na gwaji ne, "Actual" ake zaɓa masa. Ke nan wannan gurbi ba ya kare kowa. Abin da ke nuna gwaji ne shi ne dandalin da aka shiga, da lambar aukuwa da aka zaɓa, da kalmomin da aka rubuta a ciki.

Lambar aukuwa haruffa uku ce. RWT gwajin mako, RMT gwajin wata, DMO atisaye, NPT gwajin ƙasa baki ɗaya wanda FEMA kaɗai ke turawa. Na gaske kuwa akwai irin su EVI na umarnin ficewa nan take, SPW na a zauna cikin gida a rufe ƙofa, CEM na gaggawar farar hula. A dandalin gwaji muna amfani da na gasken, mu ƙirƙiro labari, misali motar dakon sinadari ta kife kusa da makaranta, domin mutum ya saba zaɓen lamba daidai cikin matsi. Bayan lamba akwai gurabe uku da ke tafiya tare: gaggawar abin, tsananinsa, da tabbacinsa. Kafin saƙo ya shiga waya a rukunin haɗari mai gabatowa, sai gaggawar ta zama ta nan take ko wadda ake sa rai, tsananin ya zama matsananci ko mai tsanani, tabbacin kuma ya zama an gani da ido ko akwai kyakkyawan zato. In aka sa ɗaya daga cikin ukun ƙasa da haka, rediyo na iya karɓa amma waya ta ƙi, mai turawa kuma ya tashi yana zaton ya gama.

Taswira ita ke cin lokaci. Ana zana yankin da haɗarin ya shafa da layi mai kusurwoyi, kuma jimillar ɗigon ba za ta wuce 100 ba. Mai son tsafta zai ce sai ya bi gaɓar kogi lanƙwasa bayan lanƙwasa, kafin ya ankara ɗigo sun ƙare. Zane mai kusurwa shida ko takwas ya wadatar. Layi kada ya haye ɗan'uwansa, ɗigon ƙarshe ya koma kan na farko, zanen kuma ya zauna cikin gundumar da aka ba mu iko a kanta. A tuna kuma, wannan zane waya kaɗai yake yi wa aiki. Gidan rediyo da lambar gunduma yake aiki, kuma muryarsa na kaiwa duk inda zangonsa ya kai, har gundumomin maƙwabta. Shi ya sa saƙon rediyo dole ya ambaci sunan unguwa da titi.

Rubutun waya iri biyu ne: gajere mai haruffa 90 da dogo mai 360, wanda aka ƙaro a ƙarshen 2019. Gajeren wajibi ne, domin tsofaffin wayoyi shi kaɗai suke nunawa. Tazarar da ke tsakanin kalmomi ma ana ƙirga ta. A cikin wannan ɗan fili ake so a faɗi abu biyar: wa ke magana, mene ne haɗarin, a ina, me mutum zai yi, zuwa yaushe. Na ranar gwaji mai sauƙi ne, ma'anarsa ba ta wuce: "Ofishin gaggawa na gunduma. GWAJI ne. Ba abin da za a yi. Kada a kira 911." 911 ita ce lambar kiran gaggawa a Amurka. A dogon saƙo muna sa kalmar gwaji a farko, mu sake sa ta a ƙarshe, saboda mutum a firgice layin farko da na ƙarshe yake gani. Ba ma kwafo rubutu kai tsaye daga manhajar rubuta wasiƙa, domin tana shigo da lanƙwasassun alamomin zance da dogayen layuka da tsarin ke iya ƙi ko ya mayar da su shirme. A gurbin ake bugawa da hannu, ko a ɗauko daga saƙonnin da aka riga aka tanada aka gwada.

Rubutun rediyo kuma kunne ake rubuta wa. In ba a haɗa da muryar da aka naɗa ba, na'urar gidan rediyo ce za ta karanta da muryar inji, kuma inji bai san gajarce kalma ba. Sunan titi a rubuta shi cikakke, lambar waya a rarraba ta ɗaya bayan ɗaya don kada ya karanta ta a matsayin miliyoyi, sunayen garuruwa masu wuyar faɗa a saurara a ji yadda suka fito. Duka kada ya wuce minti biyu, domin na'urar tana datse duk abin da ya haura.

Ana saka lokacin ƙarewa, mai duba ya karanta komai daga sama har ƙasa da babbar murya, a sake tambayar dandali, sannan a tura. To, a nan mutane da yawa ke tashi daga kujera, alhali rabin aikin ne aka yi. IPAWS yana maido da amsa, kowace hanya da layinta: an karɓi sa hannu ko an ƙi, rediyo ya wuce ko bai wuce ba, waya ta wuce ko ba ta wuce ba. Manhaja na iya nuna alamar "an tura" alhali layin waya na ɗauke da kuskure. Muna buɗe shafin duba saƙonni na FEMA mu karanta layukan ɗaya bayan ɗaya, mu buga su a takarda mu adana. Kurakuran da suka fi dawowa ba su da yawa: satifiket ya ƙare, an zaɓi lambar aukuwa da ba a ba ofishin izininta ba, zane ya tsallaka gundumar wasu, haruffa sun haura, ko agogon kwamfuta ya kauce har tsarin ya ɗauki saƙon tsoho ne ko na gaba.

Ba ma rufe zama sai mun gwada sokewa da gyara. Dalilin sananne ne ga duk mai wannan aiki. Ranar 13 ga Janairu 2018, da ƙarfe 8:07 na safe, ana tsakiyar atisaye lokacin canjin ma'aikata a jihar Hawaii, saƙo ya shiga wayoyin jama'a cewa makami mai linzami na tafe, a nemi mafaka. Mutum ɗaya ne ya tura, babu na biyu da zai tabbatar. An soke saƙon cikin 'yan mintuna, amma sokewa ba ta goge abin da ya riga ya shiga waya, turakun sadarwa kawai take hanawa ci gaba da watsawa. Saƙon waya da ya gaya wa mutane cewa kuskure ne bai fita ba sai bayan minti 38, domin ba a tanadi irinsa ba tun farko. Saboda haka a kowane zama, bayan saƙon farko muna tura na sokewa, sannan mu tura sabo da ke cewa na farkon kuskure ne babu haɗari, agogo na gudu muna duba minti nawa abin ya ci.

Hawa na biyu a dandalin gaske ake yin sa, bisa jadawalin da kwamitin sadarwar gaggawa na jiha ya tsara. Gwajin mako, RWT, in mun tura shi, na'urorin gidajen rediyo da talabijin suna karɓa su rubuta a rajista ba tare da sun katse shiri ba. Na wata, RMT, shi ake watsawa jama'a su ji, kuma doka ta ba kowace tasha minti 60 ta maimaita shi bayan ta karɓa. A watanni masu lambar mara, irin su Janairu da Maris, ana yin sa tsakanin 8:30 na safe da faɗuwar rana. A sauran kuma tsakanin faɗuwar rana da 8:30 na safe, domin a gwada ma'aikatan dare da tashoshin da ba kowa a ciki sai kwamfuta.

Ƙarar nan mai kama da kukan tsohuwar na'urar fas da ake ji sau uku a farkon sanarwa, bayanai ne ake aika wa na'urori. Layin yana farawa da ZCZC, sai wanda ya turo, CIV ga hukumomin farar hula irinmu, WXR ga hukumar yanayi. Sai lambar aukuwa, sai lambar wuri mai alƙaluma shida. Gundumar Bronx a New York, alal misali, 036005 ce: 36 jiha, 005 gunduma, sifilin farko na nufin duk faɗinta. Layi ɗaya na iya ɗaukar wurare 31. Sai tsawon lokacin da saƙon zai yi aiki, sai ranar shekara da sa'a a agogon duniya, ba na gari ba. Ƙarfe 2:20 na rana a gabashin Amurka ranar 4 ga Oktoba 2023, lokacin gwajin ƙasa na wannan shekarar, zai fito ne 2771820, wato rana ta 277, ƙarfe 18:20. Sau uku ake maimaita layin domin na'ura ta gwada su da juna ta tabbatar ba hayaniya ta ɓata shi ba. Bayansa sai amon jan hankali, sauti biyu a haɗe, hertz 853 da 960 a ma'aunin sauti, na aƙalla daƙiƙa takwas, sai murya, sai NNNN sau uku da ke mayar da tasha kan shirinta.

Bayan mun tura muna bin tashoshi da waya mu tambayi abin da rajistarsu ta nuna. A nan ake gano abin da allonmu ba zai taɓa nunawa ba. Wata tashar agogon na'urarta ya kauce, ta ɗauki saƙon ya riga ya ƙare ta yar da shi. Wata ba a saka lambar gundumarmu cikin jerin da take saurare ba. Wata eriyar da take kama tashar da aka ɗora mata saurare ta karkace tun iskar bara, ga shi doka ta ce kowace ta saurari aƙalla majiya biyu ban da IPAWS. Wata kuma manhajar na'urarta ta tsufa har ba ta iya tantance sa hannun FEMA. Wani lokacin komai ya wuce amma muryar ta fito can ƙasa ko a dagule. Gwajin ƙasa na farko, ranar 9 ga Nuwamba 2011, irin wannan ya fallasa: sautin ya riƙa komawa kan kansa yana amsa-kuwwa har a wurare da dama ba a fahimci abin da ake faɗa. In mun samu injiniyan tasha a waya muna kuma tambayarsa ko an canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani, domin a 2013 ta wannan ɓarakar aka kutsa wata tashar talabijin a Montana aka watsa gargaɗin ƙarya.

Wani abu da muke ja wa sababbi kunne a kai: ba a naɗar wannan ƙara a sa ta a bidiyon horarwa ko talla ko wasan kwaikwayo da zai hau iska. Na'urar wata tasha na iya jin ta ta ɗauka saƙo ne, jama'a kuma in suka saba jin ta a banza za su daina waiwayowa. Hukumar sadarwa ta FCC tana cin tara a kan haka. A 2019 tashar ABC ta biya dala 395,000 saboda amfani da amon gargaɗin waya a wani shirin barkwanci.

Hawa na uku shi ya fi nauyi. Saƙon WEA ba kamar saƙon tes ba ne da ake aika wa lamba. Turken sadarwa ne ke shelanta shi ga duk wayar da ke ƙarƙashinsa, bai san lambar kowa ba, cunkoson layi kuma ba ya tare shi. Akwai rukuni na musamman na gwajin jiha da ƙananan hukumomi, wanda a kashe yake zuwa a kowace waya, sai wanda ya shiga saiti ya kunna da kansa zai samu. Da shi muke fara aiki. Muna tara masu sa kai, mu tabbatar an samu wayoyin manyan kamfanonin sadarwa duka, sababbi da tsofaffi, Android da iPhone, a kunna musu saitin tun kwana ɗaya kafin ranar. Sai a rarraba su: wasu a tsakiyar zanen, wasu a bakin layi ta ciki, wasu ta waje da ɗan taƙi, wasu can nesa, wasu kuma cikin gini mai kauri ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kowa da takardarsa: ƙarfe nawa saƙon ya shigo har da daƙiƙa, ina yake tsaye, wane kamfani, wace irin waya, gajeren ne ya fito ko dogon, da wane harshe, wayar ta yi ƙara da karkarwa ko ɗaya kawai, sau ɗaya ya shigo ko ya maimaita.

Takardun 'yan bakin layi muka fi zura wa ido. Ƙa'idar FCC ita ce kada saƙo ya zarce zanen da fiye da kashi ɗaya cikin goma na mil, kimanin mita 160, amma wannan ya dogara da wayar da ke iya karɓar zanen ta gwada shi da inda take. Tsohuwar waya ba ta yin wannan lissafi, muddin turken ya kai gare ta za ta yi ƙara ko da tana nesa da yankin. Wanda bai samu ba kuma sai a bi dalili: bai kunna saitin ba, wayar na yanayin jirgin sama, Wi-Fi kaɗai take kai babu layin kamfani, ko kuwa wurin ne babu sabis. Na ƙarshen nan shi ne babban abin da gwajin ke ba mu, domin yana nuna unguwannin da ranar gaske sai an haɗa da jiniya, motar shela, ko ƙwanƙwasa ƙofa gida-gida.

Gwajin da zai shiga wayar kowa da kowa, ba masu sa kai kaɗai ba, a da sai an nemi izini na musamman daga FCC. A Oktoba 2023 hukumar ta amince da a riƙa yin irinsa har sau biyu a shekara a kowace gunduma bisa sharuɗɗa. Mafi yawan aikinsa kafin ranar ake yi. A sanar da kamfanonin waya, gundumomin maƙwabta, asibitoci, makarantu da 'yan jarida. A ƙara ma'aikata a cibiyar 911, domin duk yadda aka rubuta kada a kira, za a kira. A sanar da ƙungiyoyin da ke taimakon matan da ake cin zarafinsu a gida, saboda akwai waɗanda ke ɓoye waya ta biyu don neman ceto, ƙarar gwaji kuma na iya tona asirin inda take. A gaya musu rana da sa'a su kashe ta gaba ɗaya. A zaɓi tsakiyar rana a ranar aiki, a kuma tanadi ranar madadi, domin in guguwa na tafe ba a gwaji. A jihar Florida, ranar 20 ga Afrilu 2023, gwajin da aka shirya wa talabijin ya shiga wayoyin mutane da ƙarfe 4:45 na asuba, sai ga jami'ai suna roƙon jama'a kada su kashe gargaɗin a wayoyinsu. Wannan ce asarar da muka fi tsoro, domin wanda ya kashe saitin cikin fushi ba mu da hanyar kunna masa.

Saura batun harshe. Turanci da Sifaniyanci ne muke iya rubuta saƙon waya da su. FCC ta amince da tsarin tanadaddun saƙonni a harsuna 13, ciki har da Larabci da Faransanci, amma babu Hausa a jerin. Don haka kafin gwajin fili muna kai takardar sanarwa masallatai da coci-coci da shagunan baƙi, mu roƙi limamai da shugabannin ƙungiyoyi su faɗa da harshen mutanensu: rana kaza, ƙarfe kaza, waya za ta yi ƙara mai ƙarfi sau biyu tare da karkarwa, gwaji ne, a karanta a danna a rufe. Muna kuma sa biyu ko uku daga cikinsu a jerin masu cike takarda, tare da ƙarin tambaya guda a ƙasa: dattijon da ke gidanku, da ya ji ƙarar, me ya fahimta, kuma me ya yi?